Maigida da Yaransa a Zongon Kumasi

A Zongon Kumasi kalmar "yaro" ba ruwanta da shekaru. Za ka tarar da magidanci mai furfura, da matansa da 'ya'yansa, ana ce masa yaron Alhaji wane, shi kuwa ya amsa ba tare da ransa ya sosu ba, domin sunan matsayi ne a cikin sana'a, kamar yadda ake cewa dillali ko magatakarda. Baƙon da bai san kan abin ba yana iya ɗaukarsa ƙasƙanci. Amma a zamanin da goro da shanu suke riƙe da Zongo, zama yaron babban maigida shi ne ƙofar da mutum yake bi, ya shigo gari da sanda da buta, bayan shekaru ya wayi gari da gidansa da jarinsa da nasa yaran. Masu gidan nan ba waliyyai ba ne, 'yan kasuwa ne masu lissafi. Abin tambaya shi ne me ya tilasta musu barin wannan ƙofa a buɗe.

Tushen al'amarin yana kan hanyar Gwanja. Musulmi sun daɗe a Kumasi. Turawan Ingila da suka ziyarci fadar Asantehene Osei Bonsu a 1817 da 1820 sun tarar da su da malamansu, suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu. Sai dai babban cinikin goro ba a Kumasi ake yin sa ba. A yawancin ƙarni na 19 sarakunan Tonawa sun tsare dajin goro, su kai shi Salga, fataken Hausa su same shi a can. Ayari yakan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa da turkuɗi da riguna da kayan fata, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Jugu ko Sansanin Mango da Yandi, a shafe watanni kafin a ga Salga. Mutum ɗaya ba ya wannan tafiya. Daruruwa ake haɗuwa, wani lokaci fiye, da jakuna da alfadarai da 'yan alaro, a ƙarƙashin madugu guda. Jagaba yana gaba, shi ya san hanya da mashaya. Uban dawaki yana kula da tara kuɗin fito da ake biyan sarakunan kan hanya. Malami yana riƙe da alƙalami da addu'a. Madugu kuwa shi ke shiga gaban sarki ya yi cinikin fito, shi ke raba gardama idan an sauka zango.

Babu wanda ya naɗa madugu da takarda. Fatake ne suke zaɓen wanda za su bi, bisa abin da suka ji game da tafiyarsa ta bara: ya kai mutanensa lafiya, ko ya bar marar lafiya a daji, ya yi gaskiya a kuɗin fito, ko ya ci da rabonsu. Wanda ya yi sake da mutane, baɗi sai ya kafa tuta ya rasa mabiya.

Sai kuma halin hajar kanta, wadda ita ce, a ganina, ta fi komai koya wa kakanninmu yadda ake riƙe ɗan Adam. Goro abu ne mai rai. Ba ya son rana, ba ya son iska mai bushewa, ba ya son ruwa ya yi masa yawa. Ana shimfiɗa masa ganye a ɗaure shi cikin huhu, kuma bayan 'yan kwanaki dole a kwance, a zube shi, a bi shi ɗaya bayan ɗaya, a fitar da wanda sankara ta taɓa, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a mayar a ɗaure. Ƙwaya ɗaya mai tsutsa da aka bari tana iya jawo asarar ƙwarya da yawa. To, wane maigida ne zai iya tsayawa a kan kowane hannu yana duba kowace ƙwaya? Idan yaro ya yi aikin da gunaguni, ya tsallake rabin huhu, ba a ranar za a gane ba. Sai bayan makonni, a wani gari mai nisa, a kwance kaya a tarar da ɓarna, kuma ba mai iya cewa hannun wane ne. Bulala tana iya sa mutum ya ɗauki kaya, amma ba ta iya sa shi ya duba goro da idon mai shi. Aikin da ba a iya sa masa ido, sai an sa wa mai yin sa rabo a ciki.

Kada a ɗauka dukan masu wannan aiki da yardarsu suka yi. Bayi da yawa sun ɗauki goro a ka daga Salga zuwa Kano, kuma Salga kanta babbar kasuwar bayi ce. Wannan gaskiya ce da ba ta goguwa. Abin lura kawai shi ne, ko a cikin bauta fatake sun gane cewa bawan da yake hangen fansa ya fi wanda ba ya hangen komai amfani, shi ya sa aka riƙa barin wasu su yi nasu ɗan ciniki suna biyan murgu har su fanshi kansu. Su kansu Agalawa da Tokarawa, waɗanda tare da Kambarin Barebari suka fi kowa suna a fataucin Gwanja, masanin tarihi Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1980 cewa asalinsu daga Bugaje ne, mutanen da suka zauna a ƙarƙashin Abzinawa kafin su gangaro ƙasar Kano da Katsina. Waɗanda suka san ɗanɗanon zama a ƙarƙashin wani, su ne suka zama iyayen gidan hanya.

Daga nan tarihi ya yi sauri. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, Salga ta ɓalle daga hannun Tonawa, su kuwa suka toshe mata goro. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa garin, fatake da malamai suka watsu zuwa Kete Karaci da Kintampo da Yeji da Ankara. A cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete Karaci a 1934. A 1896 Turawa suka kama Prempeh na Ɗaya, a 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa, a 1903 jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi. Shingen da ya hana ɗan arewa shiga dajin goro ya faɗi. Tsofaffin sojojin Hausa na Turawa, da fataken da Salga ta kora, da Mosawa da Zabarmawa da Yarabawa da Wangarawa, suka cika gefen kasuwa. Zangon da a da ake kwana a tashi, ya zama Zongo, wurin haihuwa da binne mamaci. Madugu ya sauka daga doki ya zauna a zaure, sunansa ya koma maigida.

Aikin maigida ya wuce ba da ɗaki. Polly Hill, Baturiyar da ta yi bincike a kasuwannin Kumasi ta buga sakamakonsa a 1966, kafin ta koma Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta bayyana shi a matsayin ginshiƙin cinikin nesa gaba ɗaya. Bafatake ya taso daga Mali ko Nijar ko ƙasar Mosi da garken shanu, ya haye ruwa a Yeji, ya iso Kumasi bai san kowa ba, ba ya jin Tonanci, bai san wane mahauci ne mai biya wane ne mai taurin bashi ba. Sai ya sauka gidan maigida. A can zai ci, ya kwana, a adana masa kuɗinsa, a yi masa tafinta, a nemo masa mai saye. Mahauta kuwa galibi bashi suke ɗauka, su yanka su sayar sannan su biya. Wa ya tsaya a tsakani? Maigida. Idan mahauci ya gudu da kuɗi, wuyan maigida ne a ciki, domin in bai biya baƙonsa ba, labari zai riga baƙon isa gida, kuma daga wannan gari ba mai sake sauka wurinsa. Abin da yake samu shi ne la'ada, da ɗan abin da baƙo ya yi masa na alheri in zai tafi.

Duba inda jarinsa yake. Gidan ƙasa ne da rufin kwano, kowa mai kuɗi zai iya gina irinsa. Dukiyar gaske tana cikin kawunan mutanensa: dillalin da ya san cewa mahauci kaza ya yi asara a makon jiya, kada a ba shi sa biyu, yaron da ya san ƙauyen da goronsa ya fi jure tafiya, magatakardan da yake rubuta bashi da ajami ba ya ƙara sifiri, ɗan aiken da za a ɗaura wa fam ɗari a gindi ya kai Legas bai taɓa sule ba. Ranar da dillali ya yi fushi ya koma gidan makwabci, da saninsa yake tafiya, wani lokaci har da baƙin da suka saba da shi. Maigidan da ya wulaƙanta irin wannan mutum, rumbunsa ya buɗe wa abokin hamayya.

Shi ya sa aka yi wa zama yaro matakai, ko da yake ba wanda ya taɓa rubuta su. Sabon zuwa ba ya shigowa haka kawai. Wani ne zai kawo shi, ɗan garinsu ko malaminsa, ya ce ga amana. Zai fara da shara da ɗebo ruwa da kai wa baƙi akushi. Ana kallonsa. Sai a aike shi da ɗan canji, a ga ko zai dawo da ragowa. Sai a zaunar da shi wurin tsintar goro kusa da wani tsoho, ya koyi bambanta marsa da minu, da gane daushe daga sabon ɗauka, da ɗaurin huhun da ba ya saki. Idan hannunsa ya faɗa, a sa shi bin bashi a mayanka, aikin da ke buƙatar haƙuri da kaifin baki a lokaci guda. Daga nan ya fara dillanci da sunan maigidansa, yana samun kasonsa a la'ada. Wanda ya kai nan ya daina jiran kyauta. Abin da ya shigo aljihunsa ya danganta da cinikin da ya ƙulla. Mataki na gaba shi ne wakilci: a tura shi ƙauyukan daji sayen goro, ko ya bi kaya a jirgin ruwa zuwa Legas, shi kaɗai da dukiyar wani. A ƙarshe a ba shi jari ya juya, a raba riba, har ranar da maigida zai tara dattawa ya ce wane ya isa, na sallame shi, a yi fatiha.

Albashin wata ba ya cikin wannan tsari, kuma nan ne mutumin yau yakan yi tuntuɓe. Abin da yake ciki shi ne ɗaukar nauyin rayuwa. Yaro yana ci daga tukunyar gidan, yana kwana a zaure ko shago. Sallah ta zo, a ɗinka masa riga tare da 'ya'yan gida. Ya kwanta ciwo, maigida ya nemi magani. Labarin mutuwa ya zo daga garinsu, a ba shi kuɗin mota da abin sadaka. Babban abu kuwa aure: maigida ne uba a wurin neman, shi ke biyan sadaki, shi ke ba da ɗaki, wani lokaci 'yarsa ko 'yar ɗan'uwansa yake ba shi. Ga baƙon da danginsa suke nisan tafiyar wata, ba ƙaramin abu ba ne ya sami wanda zai tsaya masa a gaban surukai. An haihu, maigida ya yanka rago, sau da yawa a mayar masa da suna. In ajali ya zo, daga gidan likkafani yake fitowa.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo, wanda dattawan Zongo suke ba muhimmanci ƙwarai: mutunci a gaban jama'a. Maigida mai hankali ba ya yi wa dillalinsa faɗa a tsakiyar kasuwa, domin dillalin da aka zubar wa girma a gaban mahauta, gobe ba mai jin maganarsa, kuma asarar ta maigida ce. Faɗa sai an shiga ciki. Yabo kuwa a fili ake yin sa, a gaban baƙi: wannan ɗana ne, abin da ya faɗa ni na faɗa. Jumlar nan ita ce takardar shaidar aiki ta wancan zamani, bafatake zai ɗauke ta ya kai har Wagadugu ko Gao. Harshenmu ma ya adana alamar abin. Har gobe, ɗan abin da aka ba mutum don jin daɗin aikinsa goro ake ce masa: goron albishir, goron Sallah, ga goronka.

Maƙwabtanmu Tonawa sun isa ga irin wannan hikima ta tasu hanyar. Da koko ya bunƙasa, masu gonaki suka ga cewa ɗan ƙwadagon da ake biya da yini ba ya kula da bishiya kamar wanda yake da rabo, sai tsarin abusa ya yaɗu, mai kula da gona ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na amfanin. 'Yan arewa da yawa da suka fara sauka a Zongo, ta nan suka bi. Can Ibadan kuma, Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a farkon shekarun 1960, ya tarar da tsarin maigida kusan sak da namu a cinikin shanu da goro: masu gida suna aurar da yaransu, suna ba su ɗakuna, suna riƙon 'ya'yan juna, kuma ƙarfin kowane maigida ana auna shi ne da yawan mutanen da ke bayansa.

Wanda ya fi kowa nuna inda wannan makaranta take iya kai mutum shi ne Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa fataken Gwanja. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Ankara, wata baiwa mai suna Tata ta rene shi, da sunanta duniya ta san shi. A ƙasar nan ya buɗe ido a ciniki, yana cikin waɗanda suka fara ɗaukar goro ta teku zuwa Legas maimakon bin tsohuwar hanyar jakuna. Da jirgin ƙasa ya isa Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, kamfanonin Turawa suna da kuɗi amma ba su da mutane a ƙauyuka. Ɗantata yana da su. Ya raba wa yaransa kuɗi tun kafin kaka, su shiga karkara su sayo, kowa da rabonsa, tamkar yadda ake tura wakili dajin goro. Lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Mutane sukan tsaya kan labarin raƙuman da suka kai masa azurfa banki a 1929, su manta cewa kowane buhun kuɗin nan ya bi ta hannun wani yaro da ya iya guduwa da shi bai gudu ba.

To, me ke hana maigida cin zalin wanda ba shi da takarda? Abu na farko shi ne gasa: gidaje suna da yawa, yaro nagari ba ya rasa mai ɗauka. Na biyu shi ne bakin jama'a. Zongo wuri ne matsattse, masallaci ɗaya, makabarta ɗaya, zance ba ya kwana. Maigidan da aka ce ya ci gumin yaronsa zai ji a jikinsa ranar da ya nemi aure ko ya nemi lamuni. Na uku shi ne manya. Kowace ƙabila tana da sarkinta, ga limamai, ga Sarkin Zongo a sama. A shekarun 1920, zamanin Malam Sallau Bakatsine, har kotu Sarkin Zongo yake da ita da amincewar Turawa, ana kai masa ƙarar bashi da aure da gado, kafin a sauke shi a farkon shekarun 1930, sannan a 1935 aka mayar da sarautar tarayyar Asante a hannun Prempeh na Biyu. Yaron da aka danne yana da inda zai kai kuka, ko da yake ba kullum kukan talaka yake rinjayar maganar mai dukiya ba.

Nan ne ya kamata mai son tarihi ya rage zaƙin baki. Alkawarin da ba a sa masa rana ba, mai ƙarfi ne yake fassara shi. An yi yaran da suka tsufa suna jiran sallama, kullum ana ce musu baɗi. An yi waɗanda maigida ya mutu kafin ya cika, magada suka ce ba su san zancen ba, mutum ya fita da tabarmarsa bayan shekara ashirin, domin a rabon gado ba a san yaron gida ba. Auren da aka yi wa yaro gata ne, amma igiya ce kuma: wanda ke auren 'yar maigida, yana zaune a ɗakin maigida, da wane baki zai ce lissafin riba bai yi daidai ba? Sannan akwai ma'aikatan da tsarin bai taɓa ƙirgawa ba. Tuwon baƙi ashirin safe da dare ba daga sama yake faɗowa ba. Matan gida da 'yan mata ne suke daka da girki da ɗebo ruwa, kuma sunan gidan a wurin fatake rabinsa daga madafa yake fitowa, domin baƙon da ya ƙoshi shi ke dawowa. Ba a taɓa jin an tara dattawa an sallami uwargida da jari ba, sai dai abin da ta tara da kanta ta hanyar sana'ar cikin gida da adashi.

Abubuwa da dama suka taru suka rage wa tsarin ƙarfi. Manoman ƙasar Yarabawa sun dasa irin goron nan na Gwanja a wajejen Agege da Shagamu, kasuwar Kano ta rage dogaro da mu. Mota ta gajarta tafiya, bafataken da a da yake wata guda a gidan maigida ya koma yin kwana uku. Siyasa ta shigo, yawan mutanen maigida ya zama ƙuri'a, Zongo ta rabu. A 1957, shekarar 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan zuwa Najeriya saboda tsayawarsu a ɓangaren adawa. Sai babbar girgiza: ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Gidaje suka watse cikin kwanaki. Wasu suka sayar da abin da suka mallaka a wulaƙance, wasu suka danƙa mabuɗi a hannun yaron da suka yarda da shi suka hau mota. A wannan makon, maigida ne yake roƙon amana a wurin yaro, kuma abin da kowa ya shuka a zaurensa shi ya tarar.

Tsarin bai mutu ba, ya sake riga ne. Je Suame Magazine ka ga makanikai da maƙera, ko shagunan teloli a Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, ko masu sayar da kaya a Alabar da Kejetia: uba ya kawo ɗansa, a yi magana, yaro ya fara da shara da wanke kayan aiki, masta ya ba shi kuɗin abinci, bayan shekaru a yi masa bikin yaye. A wurin masu kirki har yau akan haɗa wa mai fita keken ɗinki ko akwatin sifana, a tura masa kwastoma na farko. Amma sau da yawa rabin tsarin aka riƙe aka yar da rabi. Ana son biyayyar yaron da, ana son ya buɗe shago da asuba ya rufe bayan isha'i, kada ya tambayi lissafi. In ya kwanta ciwo kuwa a ce ya kira 'yan'uwansa, in ya tashi aure a ba shi abin da bai kai kuɗin goron ɗaurin aure ba. Su ma yaran ba a bar su a baya ba: wani da ya ga ya iya kwance inji sai ya ɓace da kwastomomin masta ba sallama. Kowane ɓangare yana zargin ɗayan da karya alkawarin da ba a taɓa furtawa ba. A can ƙasa kuma ga 'yan matan arewa masu ɗaukar kaya a Kejetia, waɗanda sunan sana'arsu, kayayei, rabinsa kalmarmu ce ta "kaya". Su ba su da maigida ko na suna, daga kwano sai hanya.

Nauyin da maigidan da yake ɗauka da hannunsa, yau yawancinsa yana da ofis. Jinya tana da katin inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa da doka a 2003. Tsufa yana da SSNIT. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce duk aikin da zai kai wata shida a rubuta yarjejeniyarsa, a faɗi haƙƙin kowa. A shaguna da garejoji da yawa na Zongo har yanzu da baki ake ƙullawa, kamar zamanin Malam Sallau, sai dai dattawan da a da suke zaune a zaure suna shaida ranar da aka kawo yaro, kuma suke nan ranar da za a tuna wa maigida cewa lokaci ya yi, yanzu ba kasafai ake kiransu ba.